Baiti na Huɗu Ba Ya Cikin Littafi

Jabez ya tsinci littafin ne a wani shagon gwanjo a Birmingham, tsakanin butar shayi marar murfi da takalman wani mamaci, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse daga Vienna aka aiko masa da shi har da ɗan rakiya. Waƙoƙin ƙauyukan Scotland ne a ciki, waɗanda wani babban makaɗin Turai ya yi wa kwalliya da fiyano shekara ɗari biyu da suka wuce. Jabez ba ya ambaton sunan mutumin sai ya lumshe ido, kamar wanda ya kurɓi kunu mai zafi.

Litinin zuwa Juma'a a council yake aiki, ɓangaren tikitin fakin. Ranar Lahadi shi ne kwaya masta a cocin 'yan Arewa da ke Small Heath, sai dai tun da ya yi wani kwas na wata uku a intanet ya soke wannan sunan. Maestro za a ce. Har 'yar sanda ya saya, siririya kamar tsinken tsire, yana kaɗa wa mata goma sha huɗu da suka shekara talatin suna waƙa ba wanda ya taɓa nuna musu tsinke.

Da littafin ya shigo hannunsa sai ya shirya taro, ya raɗa masa suna Evening of Classics. Ƙarfe uku na rana za a fara, don masu bikin suna sun riga sun kama hall ɗin daga ƙarfe shida.

Mai solo ce ya rasa, wato wadda za ta rera ita kaɗai. Matarsa Catherine ta tuna masa da Nanret, 'yar ƙawarta ta Bukuru, wadda ke aiki a wani care home, gidan kula da tsofaffi, a Ardwick, can Manchester. Nanret ba ta iya karanta rubutun waƙa ba. Ita a idonta kashin awaki ne aka zuba a kan layi biyar. Amma in ta ji abu sau ɗaya ta ɗauke shi ke nan.

"Nanret, kin san abin da ake ce wa soprano?" in ji shi a waya.

"A'a, Ankul."

"Maestro."

"A'a, Ankul Maestro."

"To ke ce."

"To, na gode."

Ya turo mata voice note. Shi ne yake rerawa da muryarsa ta tsohon inji, kuma bayan kowane layi sai ya tsaya yana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, huɗu, wai nan ne wurin fiyano. Kalmomin na Turanci ne, wani makiyayi da furanni da wata yarinya mai jan kumatu. Nanret ba ta ga abin lumshe ido ba. Amma sautin ya maƙale mata tun a bas, kafin su fita daga Oxford Road.

Ranar Talata da safe tana gyara gado a ɗaki na tara, tana rera baitin farko ƙasa-ƙasa. Mai ɗakin wata tsohuwa ce, Ishbel, shekara casa'in da ɗaya, 'yar wani tsibiri can ƙarshen Scotland. Wata huɗu rabon da a ji ta haɗa kalma uku. Nanret ta rera layi, ta yi shiru ta ƙirga huɗu yadda aka koya mata, ta rera na gaba. Tana gama baitin aka damƙe mata wuyan hannu. Hannun ƙashi ne zalla, amma kamar filaya.

"Wa ya ba ki wannan?" in ji tsohuwar, da Turancinta mai gargada.

"Choir ne, Kaka. Daga littafi."

"Wa ruwa ya ci miki?"

"Ba kowa."

"To sawun wa ke nan?"

Nanret ta duba. A bakin ƙofa, a kan ledar da ita da kanta ta goge da safen nan, ga ruwa kwance, bai fi tafin hannu biyu ba. Ba ruwan famfo ba ne. Ja-ja yake, yana warin laka da tsohon ƙarfe. Ba wani wuri a Manchester da ke wannan warin. Kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a bayan Bukuru ne ke yin sa.

"Leak ne," in ji Nanret. Ta ɗauko mofa.

Abin da ba wanda ya sani a duniya shi ne wannan. Shekara goma sha biyu baya, ita da ƙanwarta Rebecca sun je wanki bakin kududdufi. Rebecca 'yar sha uku ce, kuma tana da wani wasan banza: ta shiga ruwa ta yi ta ihun "Yaya! Yaya!" kamar ta nutse, in ka zabura ta fito tana dariya. Ranar ma ta kira. Sau uku. Nanret ta ce yau kam ba za a mai da ita sakarya ba, ta ci gaba da bugun zane a kan dutse. Da ta juyo, ruwa ya kwanta lumui. Silifas ɗin yarinyar ne kawai a gefe. Nanret ta ɗauke su ta jefa a ruwa, ta koma gida ta ce Rebecca ta ce za ta bi ta kasuwa.

Tun daga ranar mamarsu take nema. Wannan ya ce an gan ta a Legas, wancan ya ce an gan ta a tashar Kaduna. Ba a yi jana'iza ba. Fasto ya kawo maganar sau biyu, Mama ta ce ba a binne mai rai. Duk Kirsimeti tana ɗinka wa Rebecca atamfa, tana ƙara faɗin ƙugu kaɗan.

Ishbel ta bari sai da aka gama goge ƙasa tukun.

"A tsibirinmu, in jirgi ya fita bai dawo ba, mata kan tsaya a bakin ruwa su yi wannan waƙa. Layi ɗaya, sai shiru. Ba hutawa ake yi ba, yarinya, saurare ake yi. In mutum yana raye a wani wuri, iska kawai za ki ji. In ruwa ya ci shi, zai amsa."

"Kaka, waƙar fa ta makiyayi ce. Da furanni."

"Wani a Edinburgh ya ɗinka mata wannan rigar. Su na ruwa ba kalmomi suke ji ba. Baiti nawa aka ba ki?"

"Uku."

Tsohuwar ta yi tsaki irin nasu. "Uku na kira ne. Kowanne yana jawo shi kusa. Na huɗu ne na sallama, shi ke ce masa ya koma ya kwanta, an ji, an sani. Yayata ta yi wa mijinta uku ta ƙi na huɗu. Wai ba ta gaji da muryarsa ba. Wata biyu gidanta bai bushe ba. Wata safiya ta share ɗaki, ta ba kaji hatsi, ta sauka bakin ruwa, ba ta tsaya ba."

Daga nan ta rera na huɗun, da yaren tsibirinsu, da muryar da ba ta fi ta sauro ba. Nanret ba ta so ta ɗauka ba. Amma kunne ba ya neman izini. Sau ɗaya ta ji, ya zauna.

Mai hankali zai kira Jabez ya ce maƙogwaronsa ya kumbura. Nanret ba ta kira ba. Ranar Laraba da ta tashi daga shift ta shiga flat ɗinta, ta kulle ƙofa, ta rera baitin farko, ta yi shirun. Can nesa, kamar daga ƙasan rijiya, aka ce "Yaya." Ta zauna a bakin gado ta daɗe. Ranar Alhamis ta sake. Baitin farko kawai take yi, kamar mai lasar miya da yatsa yana cewa ai ba ci yake yi ba. Kafet ɗin bakin ƙofa ya fara yin tabo.

Ranar Juma'a ta hau coach zuwa Birmingham don gwaji. Jabez ya ɗauko wani Bature mai kaɗa fiyano, dogo, shiru-shiru. Kafin a fara sai da aka sha lacca.

"Ku fahimci abin da ke hannunku," in ji Jabez, yana zagaya mata goma sha huɗun. "Wannan asalinsa waƙar ƙauye ce. Raw material. Wani publisher a Edinburgh ya kwashi sautin kawai ya aika Vienna. Ko kalmomin bai tura ba. Mutumin bai san me waƙar ke cewa ba, bai taɓa taka Scotland ba, amma ku dubi abin da ya yi. Genius!"

"Kamar telan da ya ɗinka wa mutum kaya bai gan shi ba," in ji Nanret.

"Exactly!" in ji Jabez, ya ji daɗi.

"Ankul Maestro, wurin nan da fiyano ke shiga bayan kowane layi. Ai wurin amshi ne."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Amshi! Nanret, ba Zumuntar Mata ba ce nan. Rest ake ce masa. Rami ne mutanen ƙauye suka bari don ba su san abin da za su sa ba, shi kuma ya cike."

"Kai kuma me Zumunta ta yi maka?" in ji Catherine daga layin baya. "Ba mu za mu dafa maka jollof ɗin gobe ba?"

"Catherine, please. Ana rehearsal."

Aka yi gwaji. Nanret na sauke layi, fiyano zai faɗo da gudu, tirrr, sama da ƙasa, ba ko ƙofar allura. Ta kasa kunne ba ta ji komai ba. Duk baiti ukun aka yi lafiya lau. Sai ta ji haushin mutumin Vienna ya kama ta, ita kanta ba ta san za ta ji ba. Da aka gama, Baturen ya ɗaga hannuwansa yana dubawa, ya goge a wando, ya ce hall ɗin nan akwai damp, wato danshi. Jabez ya ce tsohon gini ne, acoustics ɗinsa ake bi.

Asabar ƙarfe biyu da rabi, rana tar a waje, abin da ba a cika samu ba. Mutane sun fara cika kujerun roba, yara na guje-guje suna Turancin Birmingham ta hanci, warin jollof na tasowa daga kicin. Baturen ya buɗe fiyano ya danna. Ba sauti. Ya sake dannawa, abin ya shige ya ƙi dawowa. Ya buɗe saman ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Ya ce katakon ciki duk ya kumbura, kamar wanda ya kwana a rafi. Ya nuna wa Jabez yatsansa. Jar laka ce.

Jabez ya shiga bayi minti biyar. Da ya fito ya gyara bow tie, ya hau gaba.

"Ladies and gentlemen, jama'a. Yau mun yanke shawarar kawo muku waƙar a cappella, wato ba kiɗa. Wannan shi ne authentic." Ya juyo ya raɗa wa Nanret, "Ki ƙirga huɗu a kowane rest. Kar ki ba ni kunya."

Ta tsaya a gaba cikin farar riga da baƙin siket. Ƙofar hall ɗin na can ƙarshe, a rufe, da hanya tsakanin kujeru miƙe har gabanta. Tsinke ya ɗaga. Ta fara.

Layin farko, shiru. Layi na biyu, shiru. A shiru na ƙarshen baitin aka ce "Yaya," daga bayan ƙofa. Ba ƙasan rijiya ba yanzu. Bayan ƙofa.

Jabez ya harari 'yan alto. 'Yan alto suka kalli juna.

Baiti na biyu. Makiyayi ya tsinko fure. Ƙofa ba ta buɗe ba, amma ga ruwa a ciki, sawu ɗaya, sai wani a gabansa, ƙanana, ba takalmi. Suna bayyana ne kawai a cikin shirun. In tana waƙa sai su tsaya. Wata mata da ke bakin hanya ta janye jakarta daga ƙasa ba tare da ta duba dalili ba. Yaran da ke gudu suka daina. A shirun ƙarshe muryar ta fito daga tsakiyar hall, sarai, da ɗan haki.

"Yaya!"

"Wa ke shigowa da wuri?" in ji Jabez ta gefen baki, murmushin na nan a fuskarsa don jama'a. "Goodness, ke ce ko?"

"Ni ban buɗe baki ba, Maestro," in ji Goodness, ɗaya daga 'yan alto.

Baiti na uku. Nanret ta ji safarta ta jiƙe a cikin takalmi. Warin kududdufi ya danne na jollof. Ba ta ga kowa ba, amma iskar da ke gabanta ta yi sanyi daidai tsayin ƙirjinta, daidai inda kan 'yar sha uku zai kai. Ta rera layin ƙarshe da ke cikin littafi. Jabez ya dunƙule hannu a sama ya rufe waƙa, ya juya zai rusuna.

"Yaya." A hankali. Kamar mai tambaya.

Abin da za ta yi mai sauƙi ne, ta yi shiru ta bari a tafa. Ta koma Ardwick da ƙanwarta. Ta dawo daga shift ta tarar da wani a gida. Wata biyu, in ji tsohuwar. Wata biyu ba kaɗan ba ne ga wanda ya shekara goma sha biyu yana kewa. Mama kuma ta ci gaba da ɗinkinta, ba wanda zai taɓa jin labarin silifas.

Wani a baya ya fara tafi, ya ji shi kaɗai ne, ya bari.

"Na'am," in ji Nanret. Da ƙarfi ta faɗa, har makirfon ya yi ƙara. "Na'am, Rebecca. Na ji ki. Tun ranar na ji ki."

A layin baya Catherine ta ɗora hannu a ka. Ita ce ta riƙe Rebecca ranar baftisma.

Nanret ta ja numfashi ta shiga na huɗu, da yaren da ba ta san ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Jabez ya tsaya rabin rusunawa. Ya koma kan littafi ya buɗe shafi na gaba, ya dawo baya, ya sake buɗewa.

"Babu wannan," yake cewa. "Nanret. Ba ya cikin score."

Ta sauke layin farko. Shirun ya buɗe, muryarta ta karye, ta san ba za ta iya tsallake shi ita kaɗai ba. Sai Catherine ta ɗauka, ba kalma, baki a rufe, irin gunjin da mata ke yi a gidan makoki kafin a fito da gawa. Sauran sha ukun suka bi ta. Ba wanda ya nuna musu tsinke. An bar wurin amshi, suka amsa. Layi, amshi. Layi, amshi. Sanyin da ke ƙirjinta ya matsa kaɗan ya jingina da ita, yadda yaro ke yi in barci ya kama shi a coci. Sannan ya ɗaga. Sawun suka juya, ɗaya bayan ɗaya, har bakin ƙofa.

A shirun ƙarshe ba wanda ya ce komai. Bas ne kawai ya wuce a waje.

Tafin da aka yi sai da gilashin taga ya motsa. Jabez ya rusuna sau huɗu. Wani likita ya zo ya kama hannunsa ya ce wannan ƙarshen ya taɓa shi, Jabez ya ce ai bincike ne, ba kowane edition ke da shi ba. Ya juyo yana walƙiya.

"Encore, Nanret! Daga farko!"

"A'a, Ankul."

"Maestro."

"A'a," in ji ta.

Ta fita ta ƙofar kicin, ta tsaya kusa da kwandunan shara da waya a hannu. Catherine ta biyo ta, ta tsaya a gefenta. Sau biyu wayar ta yi ƙara aka ɗauka.

"Mama, kina zaune? To ki zauna. Ki sa a kira miki Fasto, amma ki fara ji daga bakina. Ranar nan Rebecca ba kasuwa ta bi ba."

Maganar ta kai minti arba'in. Yawancinta ba magana ba ce. A ciki masu bikin suna har sun fara shigo da balan-balan, wata na faɗa wai wa ya zubar da miya a hanya.

Litinin da safe ta shiga ɗaki na tara da zanen gado a kafaɗa da mofa a hannu. Ishbel na kujera tana kallon taga. Ba ta yi magana ba, kuma ba ta sake yi ba har ƙarshenta. Ta dai juyo ta kalli ƙafafun Nanret, ta kalli bakin ƙofa, ta mai da kai ga tagarta.

Nanret ma ta duba. Ledar a bushe take ƙayau. Ta daɗe tsaye riƙe da mofar, sannan ta jingina ta da bango ta fara cire rigar filo.